Tsatsar da Mama Ta Goge

Ni fa takubban sojan Japan nake tarawa, irin na yaƙin duniya na biyu. A YouTube na koya, ba wani malami. Ranar Asabar na je wani estate sale, wato gwanjon kayan gida, a garin Summerfield na samo na huɗu. Wata tsohuwar Baturiya ce ta sayar min, wai babanta ne ya dawo da shi daga yaƙi.

Bari in yi muku bayani kaɗan. In kana so ka san wanda ya ƙera takobin, akwai ɗan tsinken gora da ya riƙe ƙota. Ka tura shi ya fita, ka zare ƙotar, sai ka ga sunan maƙerin a jikin ƙarfen ciki. Doka ɗaya ce: kar ka goge tsatsar wurin. Da ita ake gane shekarunsa.

To gab da magariba ina gareji, na zare ƙotar. Tsatsa baƙa ƙirin, rubutun ba ya karantuwa. Na shiga ciki ɗauko tocila, na tsaya amsa waya.

Ina dawowa na ji ƙarar gurza. Ƙarr. Ƙarr.

Mama ce. Ta kawo min shayi, ta ga ƙarfe da datti, kun san iyayenmu. Soson ƙarfe da lemon tsami, kamar gindin tukunya.

"Mama! Ba a gogewa!"

"Kai tafi can, Iliyasu. Ka sayo ƙazanta kana min ihu. Ga rubutun naka ya fito."

Ta ɗora babban yatsanta a kan rubutun.



Warin lemon ya ɓace. Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da man bindiga. Gyaren da ke kuka a waje duk suka tsaya.

"Mama?"

Mama da shekara biyar ke nan a kujera take salla saboda gwiwa, ta durƙusa a siminti ta zauna kan dugaduganta. Bayanta a miƙe sambal.

Ta cire mayafinta. A hankali ta naɗe tsakiyar kaifin da shi. Ta kama da hannu biyu.

Ta juya tsinin ya kalli cikinta.

 Bakinta na motsi ƙasa-ƙasa, muryar namiji, yaren da ba ta taɓa ji ba.

Na san in na fizga zan yanke ta. Ƙarfen da ta goge yana kallona tsirara. Abu ɗaya ya zo min: rufe shi.

Na rarumi ƙotar, na zura. Ta shiga.

Tsinken gora fa? Babu. Ya gangara wani wuri.

Tsinin ya taɓa rigarta.

Ƙotar ta fara zamewa waje da kanta, kamar ana turo ta daga ciki. Na danne da hannu ɗaya, ɗayan ina lalube kan tebur. Na ji tsinken tsiren da na ci jiya.

Na cusa shi a ramin. Na karya.

"A'uzubillahi," Mama ta ce, da muryarta. "Wayyo gwiwata! Wa ya zaunar da ni a ƙasa?"

Na zare takobin daga hannunta na mayar a kube. Rigarta ta ɗan huje, ba jini. Ba ta tuna komai ba, faɗa ma ta yi min kan mayafinta da ya yanke.

Takobin na naɗe shi a bargo, yana wani storage, ɗakin ajiya na haya, can Sedgefield. Ban sake buɗe ko ɗaya daga takubban ba.

Amma tun ranar wayar Mama ta daina gane yatsanta. Ta ce wayar ce ta lalace, na saya mata sabuwa. Muka zauna saita ta, ta ɗora yatsan ya fi sau goma.

Na kama hannunta na duba yatsan a haske.

Sumul yake. Ba zane ko ɗaya.