Masu Jiran Wagdi

Shagon facina yana ƙarƙashin gadar Imbaba, kuma duk mai kai abinci a babur a wannan yanki na Alƙahira, tayarsa ta taɓa bi ta hannuna. Saboda haka idan na ce na san Wagdi, ba a bakin mutane na ji ba.

Ba malalaci ba ne, wannan zan shaide shi. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ganin wani ya riga shi. Manhajar da suke wa aiki kuwa mai sauri take so. Wanda ya kai koshari, shinkafa da taliyar nan tamu, da zafinsa shi ake turo wa oda mai tsoka, wanda cunkoso ya riƙe sai ya wuni yana zare wa waya ido. A gida mutum biyu gare shi, mahaifiyarsa da matarsa Nagat, kuma ba sa sa hannu a kwano sai ya dawo, ko da miya za ta sandare.

"Baffa Subhi," ya ce da ni wata rana, "an ce akwai wani boka a maƙabartar Ƙarafa da ke naɗe wa mutum hanya."

"Kai ma naɗe ƙafar wandonka ka tafi gida," na ce. "Mai kwana cikin matattu ne zai gyara maka rayuwa?"

Ya yi dariya. Abin da ya biyo baya shi ya gaya mini da bakinsa, lokacin da dariya ta ƙare masa.

Da tsakar rana ya je. Ɗakin tsohon hubbare ne, babu taga, sanyi kamar cikin randa. An rataye matattun agogo a bango, kowanne an cire masa hannaye. Turare na hayaƙi a kasko, amma bai rufe warin da ke tasowa daga wani rami a tsakar ɗakin ba. Bokan yana zaune a bakin ramin, bai ko ɗago kai ba.

"Kuɗi kake so ko sauri?"

"Sauri. Kuɗin zai biyo baya."

"Kana da wayo. Wa ke jiranka a gida?"

"Ina ruwan gidana da wannan?"

"Hanya ba ta gajarta a banza, ɗana. Abin da aka rage maka a titi, a wajen masu jiranka za a cike."

"Wato za su ƙara jira ke nan?"

"Za su jira."

"In dai jira ne, sun saba. Me zan ba ka?"

"Ni? Ba komai. Kawo cokulan da suke cin abinci da su."

Washegari ya kai cokula biyu. Bokan ya yanka baƙar tantabara a cikin akwatin da Wagdi ke goya abinci, ya shafe kusurwoyin da jinin, ya ɗaure cokulan da baƙin zare ya saka a ramin. Wagdi ya rantse mini ya ji ana kankarar kwano a can ƙasa.

Tun daga ranar titi ya zama nasa. Mu muna kallon cunkoso ya toshe gada, shi har ya kai ya dawo. Oda ta riƙa zubo masa, ya sauya babur, ya sayi gida a bene mai lif, ya ɗora wasu a kan baburansa. Abokan aikinsa suka daina kiransa shan shayi, don ba ya tsayawa. Shi kaɗai yake cin burodinsa a tsaye, hular kwano a kai. Ni tausayi ya ba ni tun a lokacin.

Mahaifiyarsa ce ta fara. Mace mai ƙwari, mai hawa bene da buhun shinkafa, kafin shekara ta zagayo haƙoranta sun zube, bayanta ya ranƙwafa. Likitoci suka ce tsufa ne. In ya shigo sai ta ce, "Ɗana, ina ka shiga haka? Na ɗauka ba zan sake ganinka ba," alhali da safe suka rabu. Wata la'asar ya dawo ya tarar da ita a zaune gaban kwano a rufe, ta riga ta yi sanyi.

Bayan zaman makoki, furfura ta fito wa Nagat, yarinyar da ba ta ko haihu ba. Ta daina barin baranda, tana leƙen titi. A guje Wagdi ya koma Ƙarafa, ya durƙusa.

"Ka karɓi komai, ka maido mini cokalinta!"

"Lokacin da aka cinye ba ya dawowa," in ji bokan. "Ka ce sun saba."

Wagdi ya ƙona akwatin, ya rabar da baburan, ya sayar da komai a neman magani. Duk wannan bai hana komai ba.

Ku da ke zuwa shagona kuna zagin danja don ta tsayar da ku, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku sauri kyauta, daga jikin naku zai yanka, kuma kwaɗayi ba zai bari ku tambaya ba. Ku tsaya a cunkoson nan. Ku isa gida a makare, a yi muku faɗa, ku gode wa Allah.

Wagdi yana nan. Na taɓa raka shi, ban kuma sake ba. Kullum yana hawa benen da ledar abinci ya ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa kaɗan, ta dube shi sama da ƙasa.

"Nagat, ni ne. Na dawo."

"Ajiye a bakin ƙofa, malam," ta ce. "Ba zan ci ba tukuna. Mijina yana hanya."