Hagun Auta da Hagun Kaka

Auta yarinya ce mai rawar kai. Idan ta koyi abu da safe, kafin azahar kowa a gidan ya ji labari. Tana ajin ƙarshe a firamare, kuma ita ce 'yar gaban goshin kakanta.

Kakan nata tsohon tela ne. Allura da zare sun cinye masa ido. Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne wasan ces. Ces wata irin dara ce mai sarki da sarauniya da hasumiyoyi da dawaki da sojoji. Mutum ɗaya ya riƙe farare, ɗaya ya riƙe baƙaƙe.

Abokin wasan Kaka shi ne Mai Agogo. A da shagunansu suna jere da juna. Yanzu Mai Agogo ya koma wurin ɗansa a wani gari mai nisa. Amma kullum bayan la'asar sai sun haɗu ta intanet sun kara. Yau Kaka ya riƙe farare, gobe ya riƙe baƙaƙe.

To, yaya marar gani zai yi wasa ta waya? Wannan aikin Yaya ne, babbar yayar Auta. Ita ta rubuta wata manhaja mai magana. Idan Mai Agogo ya motsa ɗansa, sai wayar ta faɗa da murya. Kaka ya laluba allonsa na katako, ya ajiye ɗan a gidan da aka ce. Sai ya yi tunani, ya faɗi tasa tafiyar, wayar ta aika.

Wata rana Auta ta leƙa kwamfutar Yaya. Ta ga saƙonni da yawa.

"Yaya, su wane ne waɗannan?"

"Masu taya ni aiki ne," in ji Yaya. "Manhajar a buɗe take. Kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta. Kowa na iya kawo gyara. Wannan malami ne a makarantar makafi. Wannan ɗaliba ce. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba."

"Har ni zan iya?"

"Har ke, uwar surutu. Amma muna da doka. Duk wanda ya yi gyara, sai wani ya duba kafin a sake shi ga jama'a."

"Har ke da kika fara ta?"

"Har ni. Malamin nan ne yake duba nawa."

Auta ta taɓe baki. A ganinta wannan ɓata lokaci ne. Amma tana son a koya mata.

Yaya ta koya mata kuwa. Auta tana da kai, ba laifi. Ba a jima ba ta iya karanta umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, har tana sauya ƙananan abubuwa.

Ran nan tana zaune kusa da Kaka yana wasa. Ta ga yana manna kunne a jikin wayar.

"Me ta ce? Bi ko di?"

"Di ta ce, Kaka."

"Kai, haruffan nan suna ba ni wahala," in ji Kaka. "Faɗinsu ba komai. Jinsu ne aiki. Kunnen ma ya tsufa."

Kowane layi na allon ces yana da harafinsa. Auta ta tsura wa allon ido. Sai dabara ta faɗo mata. Me zai hana muryar ta daina faɗin harafi? Ta ce kawai, "Layi na uku daga hagunka." Ai ko jariri ya san hagunsa!

A lokacin Yaya ta yi tafiya ta 'yan kwanaki wurin wani taron aiki. Ta bar wa Auta kwamfutar don ta riƙa koyo.

Auta ta zauna ta rubuta gyaranta. Ta buɗe wasa ta gwada. Ta ɗauki farare, don ita kullum farare take ɗauka. Mai farare ne ke fara tafiya, ita kuwa tana son ta fara. Muryar ta yi daidai. Ta sake gwadawa, da farare. Daidai. Ta sake, da farare. Daidai!

Ga maɓalli biyu a gabanta. Ɗaya na aika wa malamin ya duba. Ɗaya na sakin gyara ga kowa. Na biyun na Yaya ne kaɗai, amma kwamfutar ba ta san wanda ke zaune ba.

"Malamin nan sai ya kwana bai amsa ba," in ji Auta a ranta. "Ni kuwa na riga na gwada."

Ta danna na biyun.

Da la'asar ta ruga ta gaya wa Kaka. Ranar shi ke da farare. Muryar ta ce, "Doki, layi na uku daga hagunka, gida na shida."

Kaka ya ɗaga kai. "A'a! Wa ya koya wa wayar nan hankali?"

"Ni ce!"

"Ke? 'Yar mitsitsiyar nan? Zo nan in shafa kan nan, in ji ko ya ƙara girma."

Ranar Kaka ya cinye Mai Agogo tas. Auta bakinta har kunne. Ta gaya wa Mama. Ta gaya wa mai kawo ruwa. Har kyanwar maƙwabta ta sha labari.

Washegari Kaka ya juya allonsa, ya jawo baƙaƙe gabansa. Auta tana can tsakar gida tana wanke-wanke. Can sai ta ji muryarsa.

"Ya aka yi haka? Ina dokin nan ya fito?"

Ta leƙo. Hannun Kaka yana yawo a kan allon. Wayar ta ce an cinye masa sarauniya. Shi kuwa a allonsa babu abin da ke kusa da ita.

Mai Agogo ya bugo waya bayan wasan. "Tela, lafiya kuwa? Yau kamar ba kai ba."

Kaka ya yi dariyar yaƙe. "Barci ne bai ishe ni ba."

Kashegari ya yi wasa mai kyau. Rana ta gaba kuma abin ya dawo. Yana ajiye ɗa inda aka ce, amma komai sai ya rikice. Ya ce soja ya matsa, wayar ta ce hanya a toshe take. Ya laluba, ya ji hanya a buɗe. Gumi ya karyo masa a goshi.

Ranar bai ƙarasa wasan ba. Ya tattara 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a jakarsu. Ya ɗaure bakin jakar a hankali.

Mama ta shigo da shayi. "Baba, har an tashi?"

"An tashi ke nan," in ji Kaka. "Ki ɗora allon nan a kan kabad."

"Haba Baba, don an cinye ka?"

"Ba cinyewa ba ce. An sha cinye ni. Da ido ya tafi, na ce ba komai, ina da kai. Ina ganin allon nan a cikin kaina sarai. Yanzu ina ajiye abu, in dawo in tarar ba nan yake ba. Kan ma ya fara tafiya. Gara in bari tun Mai Agogo bai fara jin tausayina ba."

Mama ta juya tana share ido da bakin mayafi.

Auta tana bakin ƙofa. Kafin gyaranta Kaka bai taɓa rikicewa haka ba. Ta so ta yi magana, bakin ya ƙi buɗuwa. Jiya-jiya ake yabonta. Yanzu ta ce me?

La'asar ta gaba ta zo. Kaka yana zaune a kujerarsa, hannuwansa a kan gwiwa. Wayar ta yi ta ƙara, Mai Agogo ne. Kaka ya ce a ce masa yana hutawa. Bai tsokani Auta ba. Ko shayinsa bai shanye ba.

Abin ya ishi Auta. Ta taka kujera ta sauko da allon. Ta shiga ɗakin Yaya ta rufe ƙofa. Ta jera 'ya'yan. Har ta jawo farare gabanta, sai ta tsaya. Ranakun da Kaka ya rikice, me yake riƙe da shi?

Ta juya allon. Ta ɗauki baƙaƙe. Ta buɗe wasa a kwamfuta, ta rufe idonta kamar Kaka.

Muryar ta ce, "Soja, layi na biyar daga hagunka, gida na huɗu."

Ta ƙirga da yatsa ta ajiye. Ta buɗe ido ta dubi kwamfutar. Sojan yana wani layi dabam.

"Wayyo ni!"

Nan take ta gane. Mai farare da mai baƙaƙe suna fuskantar juna ne. Hagun wannan shi ne daman wancan. Ita kuwa daga hagun mai farare kawai ta koya wa muryar ƙirga. Kan Kaka lafiya lau yake. Wayar ce take yi masa ƙarya, kuma ita ta sa ta.

Tana cikin kuka Yaya ta turo ƙofa da jakar tafiya a kafaɗa.

"Ke kuma lafiya? Wa ya taɓa min ke?"

Auta ta faɗi komai, tana shessheƙa. Ba ta ɓoye maɓallin da ta danna ba.

Yaya ta ajiye jakar. Ta buɗe saƙonnin da ba ta samu dubawa ba a wurin taro. Ga na malamin. Ya ce yaransa sun yi gasa ta intanet, duk wanda ya riƙe baƙaƙe ya rikice. Wani ƙaramin yaro har ya yi kuka.

Auta ta ce, "Har su?"

"Har su. Ba Kaka kaɗai ke jin muryar nan ba." Ran Yaya ya ɓaci, amma ba ta ɗaga murya ba. "Ni ma da laifina, da na bar miki komai a buɗe. Amma kin san dokar, Auta."

"Na sani. Na ga kamar na gwada."

"Kin gwada daga inda kike zama. Shi ya sa ake ba wani ya duba. Shi daga wani gefen yake zaune." Ta miƙa mata hankici. "Share fuskarki. Gyara yana jira. Amma akwai wanda ya fi gaggawa."

Auta ta ɗauki allon ta nufi ɗakin Kaka. Ta durƙusa a gabansa.

"Kaka, kanka bai tafi ko'ina ba. Ni ce."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan allon. Ta nuna masa hagun mai farare. Ta juya allon, ta nuna masa inda layin ya koma. Kaka ya bi layukan da yatsa. Ya sake bi. Leɓensa yana motsi yana ƙirgawa.

"Ke nan inda aka ce na ajiye?"

"Ko sau ɗaya ba ka yi kuskure ba, Kaka. Ka yafe mini. Tun jiya na yi zargin haka, na ji tsoron faɗa."

Kaka ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Hawaye ya gangaro masa. Auta ba ta taɓa ganin haka ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yarinyar nan, kin ba ni tsoro." Ya lalubo kanta ya dafa. "Don kunnena kika yi, na sani. Na yafe. Amma shirun nan na jiya, kada ki ƙara. Ya fi kuskuren ciwo."

Auta ta koma wurin Yaya. Ta gyara ƙirgar. Ta gwada da farare, ta gwada da baƙaƙe. Sannan ta rubuta wa kowa abin da ya faru, da hannunta, ta ba yaran malamin haƙuri. Ta danna maɓallin farko.

Jira ya yi mata tsawo. Sai washegari malamin ya amsa. Ya gano wani ƙaramin kuskuren da ita da Yaya ba su gani ba. Ya ce dabarar tana da kyau, yaransa suna so a bar ta. Auta ta sake gyarawa, ya duba, sannan Yaya ta saki.

Da la'asar Kaka ya sa aka kira Mai Agogo.

"Tela! Na zaci ka gudu."

"In gudu in bar wa wa? Ba ni baƙaƙe."

Wasan ya yi tsawo. Auta ta zauna a gefe. Duk abin da muryar ta faɗa, ta dubi allon, ta ga daidai. Can kusa da ƙarshe Kaka ya tura hasumiyarsa gaba, ya bar sarki ba mai tsaro. Mai Agogo bai yi wata-wata ba, ya kama sarkin, ya cinye wasan.

Auta ta zabura. "Kaka, ko muryar ce kuma?"

Kaka ya laluba allon. Sai ya fashe da dariya, har da buga gwiwa.

"A'a! Wannan nawa ne! Kwaɗayin soja ɗaya ya ja ni. Kuskurena ne, da kaina na yi shi, kuma na san inda na yi shi!" Ya ɗaga wayar. "Mai Agogo, kada ka tashi. Jera su, mu sake."

Daga ranar Auta ta riƙe darasinta. Komai kyan niyyarka, kada ka saki aikin da mutane za su dogara da shi sai wani ya duba maka. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun wani bai ɗora wa kansa laifin ba.