Finjali Na Uku

Wajen mai gasa dankali a unguwar Darrasa ta Alƙahira Khalilu ya fara ganin Arwa, tana hura yatsunta saboda sanyi. Shi ɗan Damagaram ne mai karatun Larabci a jami'a, ita Bahaushiyar Sudan ce da yaƙi ya koro da iyayenta. Ya bar mata wurinsa a layi, ta bar masa lambarta. Daga ranar nahawu ya daina shiga kan bawan Allah.

Gidan su Arwa suna da al'ada. Duk hutun sanyi dangi kan taru a saman bene, mahaifinta Baba Ya'ƙub ya dafa gahawa mai citta da hannunsa, zagaye uku, kuma ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Babu wanda ya gaya wa Khalilu. Ranar da ya zo gaisuwa, ya sha finjali ɗaya, ya yi godiya, ya ruga darasi.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji tsohon. "'Ya'yana sun watse ƙasa-ƙasa, ba zan ba mai saurin tashi autata ba. Ga Mu'tasim, ɗan ƙanena, shi zan ba."

Arwa ta rubuto masa: "Habibi, masoyina, ma'alish, ka yi haƙuri. Na yi kuka har na gaji. Ka manta da ni."

Ya amsa: "Autar Baba, na gwada. Na kasa."

Ya tura malamansa su roƙi tsohon, aka sallame su da shayi. Karatu ya ƙare, mahaifiyarsa tana ta kiran ya dawo gida. Tsakani da Allah ya fid da rai, har ya sayi tikitin jirgi.

Da sanyi ya zagayo, ya hau benen ba gayyata, ya tsugunna bakin ƙofa. Zagayen farko ya tsallake shi, na biyu ma haka. Arwa ta kasa ɗaga kai.

Sai ruwan sama ya sauko. Kowa ya gudu ƙasa ban da tsohon, Mu'tasim a gaba yana tattalin takalminsa. Khalilu ya cire rigar sanyinsa ya kare garwashin gahawar, yana rawar ɗari.

"Yaushe jirginka?" Baba Ya'ƙub ya tambaya.

"Ya tashi ɗazu, Baba."

Tsohon ya cika finjali na uku ya miƙa masa.

"Sha, ɗana."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Mahaifiyar Khalilu ta saurara ta waya, tana kuka tana sa albarka, don ta gane Alƙahira ta riƙe mata ɗa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ta ce. "Arwa, ki lulluɓe min shi, ba ya jure sanyi."