Murfin Rijiyar Mai Agogo

Ranar Talata ce, ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Mai Agogo. Ya riƙe lokacin ne domin gyaran agogo ne sana'arsa, ba ya jin motsi bai dubi tsintsiyar hannunsa ba. Matarsa tana kwashe shanya, 'yarsu Auta tana wanke-wanke, mahaifiyarsa kuma, wadda kowa ke kira Iya, tana kan tabarma tana jiran kiran salla. Dutse na biyu ya faɗo a gabansa. Da ya ɗauka sai ya ji shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka a jikinsa. Garin kuwa ya daɗe rabonsa da ruwan sama.

Ga yadda abin ya samo asali. Tun rasuwar mijinta Iya ta dawo gidan, tana kwana ɗaki ɗaya da Auta, tsakanin buhuna da akwatuna. Abin yana ci wa Mai Agogo rai. Ya ƙudurta gina mata ɗaki nata a bayan gida, mai taga ta gabas. Ya yi ta sintiri ofishin tsara gari neman izinin gini, har bencin baranda ya san shi. A ƙarshe aka turo mai awo. Ya ja igiyarsa, ya tsaya a kan tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba tun da famfo ya zo.

"Wannan ta yi kusa da tushen gini," in ji shi. "A rufe ta da kankare. Alhamis zan dawo. In na tarar da ita a buɗe, babu izini."

Magini ya zo ran Litinin, ya leƙa rijiyar, ya sosa ƙeya. "Maigida, tsohuwar rijiya ba a rufe ta kai tsaye. A yi sallama a bakinta yamma uku, masu wurin su kwashe nasu-ya-nasu."

"Yamma uku? Yaushe simintin zai bushe? Zuba kawai."

Aka zuba.

Bayan jifan nan na Talata gidan ya yi tsit. Ko kaji ba su yi rigimar hawa makwanci ba. Cikin shirun sai aka fara jin ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin kankaren, a hankali, irin ta wanda ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta ce da ƙaramar murya, "Malam, ka ji?" Ya ce bututun famfo ne. Ya san babu bututu a wurin.

Laraba da almuru Auta ta ajiye kwanon da take wankewa. Ta taka zuwa murfin rijiyar, ta durƙusa, ta shiga kartar simintin da farce har jini ya fito. Uwarta ta kama ta, Auta ta watsar da ita kamar tsumma. Mai Agogo ya fita ba takalmi, ya ɗauko wani malami mai ruƙiya, dattijo marar yawan magana.

Malamin ya zauna daf da ita yana karatu, bai ɗaga murya ba, har duhu ya rufe katanga. Can yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta namiji ce, mai amsa-kuwwa kamar daga cikin rami.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci. Na riga kakan wannan mutumin zama a nan."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Bakinta na ara, tun da ubanta ba ya jin jifa. Na fita nema, na dawo na tarar an toshe ƙofa. Uwata tana ciki. Makauniya ce. Ita ce kuke ji."

Mai Agogo ya juya ya dubi murfin kankaren.

Malamin ya ce, "To, a fasa murfin ka ɗauke ta ku tafi, a mayar da shi kafin safe."

"Ba ta ɗaukuwa. In na motsa ta, ta mutu a hannuna. Ni zan tafi, na taɓa 'yar mutane, ba ni da fuskar zama. Ita dai a bar mata ƙofarta har ta cika."

"Zuwa yaushe?" Mai Agogo ya tambaya. "Gobe mai awo zai zo."

"Mu ba ma sauri, mai ƙirga mintoci. Jikokinka ma ƙila su same ta."

Mai Agogo ya dubi filin ɗakin da ya riga ya shata da toka, ya dubi yatsun Auta. Sai Iya ta yi gyaran murya daga kan tabarma.

"Kai, ɗauko guduma. Ni ba zan yi barci a ɗakin da aka toshe wa wata numfashi dominsa ba."

Da hannunsa ya fasa. Da kankaren ya tsage, wata iska mai sanyi ta fito, doguwa, kamar ajiyar zuciya. Malamin ya karɓi alkawari, muryar ta rantse za ta rabu da yarinyar, Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta tana tambayar wa ya yanke mata hannu.

Alhamis mai awo ya zo, ya leƙa, ya naɗe igiyarsa. "Baba, kun yi asarar siminti," ya ce, ya tafi. Izinin bai fito ba. Ruwan damina ya wanke shatin tokar.

Waɗanda suka rage a gidan su ne: Mai Agogo, wanda bai sake taka ofishin ba. Matarsa. Auta, da tabo a yatsu. Iya, a ɗakin buhuna, wadda kullum almuru takan ja tabarmarta bakin rijiya ta ce, "Sannu da gida, 'yar'uwa." Sai kuma wadda take amsawa da ƙwanƙwasa ɗaya.