Benen da Aka Hana Gyarawa

Ni dai ban taɓa tausaya wa Mai Bene ba, kuma ba yau zan fara ba. Gidan haya gare shi, tsohon bene, wayoyin wuta a tsirara, bango duk tsaga. 'Yan haya suna ta tashi, masu duba gine-gine suna ta yi masa gargaɗi. Maimakon ya kira magini, sai ya nufi wurin boka.

Ɗakin bokan ba taga. Tsofaffin ƙofofi a jingine, makullai masu tsatsa a rataye, ga wata baƙar tukunya cike da ƙasar rusassun gidaje, jini ya daskare a bakinta.

"So nake kada ɗaki ya zauna ba mutum," in ji Mai Bene, "hukuma kuma ta manta da ni."

"Duk wanda ya ratsa ta ƙofar gidan zai so zama, kuma ba zai fita ba," in ji boka. "Amma ko ƙusa kada ka ƙara bugawa. Abin da ya lalace namu ne. Ranar da ka gyara, za mu karɓi gidan ɗungurungum."

"Har gyara ka hutar da ni? Sai me kuma?"

"Sai abin da lalacewar ta ci."

Mai Bene ya yi dariya, ya karɓi ƙullin ƙasar tukunyar ya je ya cusa a tsagar matakala.

Gida ya cika maƙil, har ƙarƙashin matakala aka kama. Ya sayi motoci, ya ajiye tumbi. Sai wayar banɗaki ta kashe wani tela. Murfin masai ya rufta da wata tsohuwa. Matar telan ta zauce, tana yini tana hira da bango. Shi kuwa sai ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Bai ko je gaisuwa ba.

Ya hana iyalinsa bin layin, amma bai faɗa musu dalili ba. Autarsa da mijinta suna neman muhalli suka ratsa ta wurin, dillalin da bai san ta ba ya ba su ɗakin sama.

Da Mai Bene ya ji labari, ya iso yana haki. "Auta, ki fito, zan saya miki gida sukutum!"

"Baba, ko da bulala ba na fita. Ka dai gyara mana matakalar nan, motsi take yi, ga ni da tsohon ciki."

Ya koma wurin boka, ya tarar da kango. Ranar, a karon farko, ya kwaɓa siminti da hannunsa. Yana shafa shi a tsagar, benen ya yi nishi ya rufta. Shi kaɗai aka zaro da rai.

Yana nan yana yawo, yana liƙe bangon mutane da taɓo, yana kiran Auta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai mai gidan haya, ba kuɗi kaɗai ake miƙa maka ba, har da rayuka. Ka gyara tun 'yar wani ce a ciki.