Barcin da Ba Nawa Ba

Tun da muka binne mijina Halvard barci ya ƙaurace mini. 'Yata Torunn ta zo daga birnin Bergen da wata na'ura siririya, ta cusa ta ƙarƙashin katifa, wai tana ƙirga numfashi da bugun zuciya ta aika mata a waya.

Kullum da safe sai ta kira. "Mama, kin cika mita. Awa takwas kika yi, ko juyi babu."

"Ke da na'urarki kun ci gidanku," in ji ni. "Ni da na kwana ido biyu?"

Daren jiya ko gadon ban hau ba. Ina kan kujera ina saƙa, na ba shi baya, sai ga wayarta wajen ƙarfe uku.

"Mama, lafiya? Na'urar ta tashe ni, wai bugun zuciyarki ya yi ƙasa sosai."

"A zaune nake, ina saƙa."

Sai ta tambaya, "Wane gefe kike kwana?"

"Gefen taga mana, shekara arba'in."

"Ni a gefen ƙofa na sa ta."

Kowa da bargonsa muke kwana, kuma na Halvard da hannuna na ninke shi ranar jana'iza. Na waiwaya a hankali. Bargon a shimfiɗe yake a gefen ƙofa, inda Halvard yake kwana, yana ɗagawa yana sauka. Ƙamshin tabarsa ya cika ɗakin.

"Mama," Torunn ta ce, "yanzu ta nuna an farka."