Ranar Da Babur Ɗin Baba Ya Ɓace

Ƙarfe biyu da rabi na rana Baba mai gyaran agogo ya sauko daga bene zai koma shago, ya tarar da wurin ajiye babur ɗinsa wayam. Sarƙar tana nan naɗe a jikin ƙarfen matakala, kwaɗon a buɗe, ba a fasa ba. Babur ɗin da ya shekara goma sha tara yana hawa, babu shi babu alamarsa.

Kafin ƙarfe uku babbar 'yarsa ta iso. Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har shi Baban. Malamar jami'a ce, tana koyar da nazarin zance, wato yadda mutum ke faɗin abu yana nufin wani, da abin da yake zagayewa ya ƙi faɗa. Ta same shi a falo yana kai da kawo, Umma kuwa na zaune tana ninke wanki.

"Kai ni caji ofis," in ji Baba. "Maigadin nan zan kai ƙara. Da rana tsaka a fita da babur ta gaban hancinsa?"

"Baba, in ka kai shi, mai gidan nan korarsa zai yi. 'Ya'yansa huɗu."

"Ni ma da babur ɗin na raine ku, ku shida." Ya juya wajen matarsa. "Ke da kike baranda, ba ki ga komai ba?"

"Ni ban ga ɓarawo ba, Malam," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Ka zauna ka huta. Tun da aka kai babur ɗin nan ko ruwa ba ka sha ba."

Yaya ta dubi mahaifiyarta, sannan ta ce, "Ka ba ni awa ɗaya, Baba. In ban gano ba, ni da kaina zan tuƙa ka."

Ta sauka ƙasa ta duba kwaɗon. Babu ƙarce ko ɗaya, da makulli aka buɗe shi. Sawun taya ya miƙe har bakin get, da sawun takalmi a gefensa. Tura shi aka yi, ba a tayar ba. Duk wanda ya yi haka ya san kunnen Baba, mutumin da ke jin agogo na tsallake bugu daga ɗaki na biyu.

Ta tsallaka titi wurin bakanike, don shi ne ya riƙe makullin jiya. Ta same shi ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Sannu da aiki. Kai ka duba babur ɗin Baba jiya?"

Ya turo kansa waje. "Ni ne, Malama. Ya sake ƙin tashi ne? Wallahi sabon fulogi na sa, ga kwalin can. Ki gaya wa Baba ya daina barin mai ya ƙare ƙaf, shi ke jawo datti."

Ya yi ta kare fulogin har sai da ta tsayar da shi. Hankalinsa duk a kan aikinsa yake, kuma a ransa babur ɗin yana gida. Mai motar, da ke zaune a kan benci, ya ce tun sha ɗaya bakaniken bai motsa daga wurin ba. Ta cire shi daga lissafi.

Maigadi na tsaye a bakin ɗakinsa, ya riga ya ɗaure kayansa a buhu.

"Ina za ka da kaya?"

"Na ji abin da Baba ya ce, ranki ya daɗe."

"Ajiye tukuna. Ka bar ƙofa yau?"

"Sau ɗaya. An aike ni."

"Ina?"

"Cika tukunyar gas. Wajen ɗaya da rabi."

"Wa ya aike ka?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ni dai an ce in je, na je."

"Tukunyar ta ƙare ne?"

"Da ɗan nauyinta," ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa.

Yaya ta yi masa godiya, ta ce ya kwance buhunsa. Mutumin da aikinsa ke shirin tafiya, amma ya ƙi kama sunan wanda zai wanke shi, yana kare wanda yake jin nauyinsa ne.

Ta hau sama ta tarar da Umma a kicin, tana wanke kofin da yake a wanke. Ta ja ƙofa.

"Umma, ina aka kai shi?"

Hannun Umma ya tsaya. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Maganarki na dawo miki da ita. Wanda aka yi wa sata cewa yake an ɗauke, ko an gudu da shi. Ba a cewa an kai abu sai in an san inda ya je. Sannan Baba ya tambaye ki ko kin ga wani abu, kika ce ba ki ga ɓarawo ba. Ba abin da ya tambaya ba ke nan. Kin zaɓi amsar da ba ƙarya ba ce, don ba ki iya yi masa ƙarya. Makulli na biyu kuma a durowarki yake kwana."

Umma ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta rufe fuska da gefen mayafi. "Yana gidan kawunku. Shi ya zo ya tura shi, bayan na aiki maigadi."

"Me ya sa?"

"Likitan ido ya ce kada ya sake hawa. Wata biyu ke nan, babanku ya hana ni gaya muku. Ranar Talata ina baranda na ga ya shiga gaban tifa, bai gan ta ba sam. Direban ne ya kauce. Ya shigo yana mini dariya, wai rana ce ta haske shi." Ta sauke mayafin daga fuskarta. "Na roƙe shi, na yi fushi, na yi kuka. Me ya rage mini?"

Yaya ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Ban ga laifinki ba a kan babur. Amma bawan Allah can ya ɗaure kayansa saboda ke."

"Na sani. Tun ɗazu abin ke cina."

"To ke za ki faɗa, ko ni?"

Umma ta miƙe ta gyara ɗankwali. "Mijina ne."

A falo ta tsaya gabansa ta faɗi komai, ba ta rage ba. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wato ɓarawon nawa shi ke dafa mini abinci."

"Shi ne, Malam."

"Shekara arba'in da ɗaya ba ki taɓa yi mini ƙarya ba."

"Yau ma ban yi ba. Tambayi 'yarka."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne. Ya tashi, ya sauka bene yana dafa bango, su biyun na biye da shi. A gaban maƙwabtan da suka taru ya kama hannun maigadi da hannu biyu.

"Na zalunce ka da bakina. Ka yafe mini."

Maigadi ya sunkuyar da kai yana share hawaye.

Da suka dawo sama, Baba ya daɗe zaune yana juya makullin babur a tafinsa. Yaya ta ce ita da ƙannenta za su riƙa kai shi shago su ɗauko shi, kowa da ranarsa. Can Baba ya miƙa wa Umma makullin.

"Ki gaya wa ƙanen naki ya riƙa tayar da shi kowace safiya, kada batir ya mutu. Kuma ya rufe shi in za a yi ruwa."

Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, Umma ta ɗaga mata hannu.

"Ba sai kin fassara mini ba," ta ce, tana ƙulle makullin a bakin zane. "Wannan na ji shi tun kafin ya gama."